Fashin Baƙi: Idan Na'ura Za Ta Iya Rubuta Fomular Excel, Me Ya Rage Wa Mutum Ya Koya?

Tun da ChatGPT, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai amsa tambayoyi, ta fito a ƙarshen 2022, daga baya kuma Microsoft ta saka irinta mai suna Copilot cikin manhajar jadawalin lissafi ta Excel, Google ta saka Gemini cikin Sheets, wata tambaya take ta yawo a bakin ɗalibai da ma'aikatan ofis: me zai sa mutum ya ɓata lokacinsa wajen koyon fomula, alhali zai iya faɗa wa na'ura abin da yake so ta rubuta masa cikin daƙiƙa biyu? Akwai kuma waɗanda tun asali tsoron abin suke ji. Da sun ga alamar daidai da baka da gajerun kalmomin Turanci sai su ja da baya, su ce wannan aikin akantoci ne.

Duka biyun hankalinsu yana kan rubuta fomula. Ni kuwa a ganina rubutun shi ne ɓangare mafi sauƙi, a yini guda ana iya koyon tushensa. Abin da ke cin lokaci, wanda kuma yake raba gwani da ɗan koyo, shi ne mutum ya dubi fomula ya gane abin da take yi, sannan ya iya cewa amsar da ta fitar daidai ce ko akwai matsala. Domin kwamfuta ba ta san nufinka ba. Abin da ka rubuta take bi, ko da kuwa ba shi kake nufi ba, kuma za ta ba ka amsar cikin tsabta ba tare da ko tari ba.

Mece ce fomula, me ya raba ta da lamba?

Jadawalin lissafi, ko na Excel ne, ko Google Sheets, ko LibreOffice Calc, fili ne da aka yanka gida-gida. Layukan tsaye suna da haruffa, A, B, C, layukan kwance suna da lambobi, 1, 2, 3. Inda suka haɗu shi ne gurbi, kuma kowane gurbi yana da adireshinsa: B2 shi ne mahaɗar layin tsaye na B da layin kwance na 2. Abu uku ake iya zubawa a gurbi: rubutu, ko lamba, ko fomula.

Fomula umarni ce, kuma kullum da alamar daidai take farawa. Wannan alamar ce ke gaya wa manhajar cewa abin da ke tafe lissafi ne za a yi. Idan ka rubuta 12*250 kawai, haka za ka gan shi a zaune kamar kowane rubutu. Idan ka rubuta =12*250 sai ka ga 3000.

Sai dai ko wannan bai kai ga amfanin abin ba, tunda ƙaramar na'urar lissafi ma za ta yi maka shi. A ce adadin kaya yana B2, wato 12, kuɗin guda ɗaya yana C2, wato 250. A D2 sai ka rubuta =B2*C2. Amsar dai 3000 ce. Amma yanzu je ka B2 ka mayar da 12 ta zama 15, ba tare da ka taɓa D2 ba: nan take za ta koma 3750. Ba lambobi ka ninka ba, gurabe ka ɗaure wa juna. Duk wanda ya fahimci wannan ya fahimci dalilin da ya sa aka ƙirƙiro jadawalin tun farko.

A nan ne kuma ruɗani na farko yake. Gurbi mai fomula fuska biyu gare shi. Abin da ido ke gani a cikinsa amsa ce, ita kuwa fomular tana ɓoye, sai ka danna gurbin ka dubi dogon layin da ke saman jadawalin. Gurbin da aka buga 3000 da hannu da wanda fomula ta fitar da 3000 kamarsu ɗaya a ido, alhali ɗaya mai rai ne, ɗaya kuma matacce.

Daga allon aji zuwa kwamfuta

Asalin abin daga gajiya da goge allo ne. A 1978 Dan Bricklin yana ɗalibi a makarantar kasuwanci ta Harvard da ke Amurka, yana ganin yadda sauya lamba ɗaya a jadawalin kuɗi ke tilasta a sake lissafa duk abin da ya dogara da ita. Shi da Bob Frankston suka fitar da VisiCalc a 1979 a kan kwamfutar Apple II. Lotus 1-2-3 ta biyo baya a 1983, Excel ta fito a 1985 a kan Macintosh, sannan a kan Windows a 1987. Google ta kawo nata na intanet a 2006. Fiye da shekara arba'in ke nan, amma tsarin adireshin harafi da lamba da VisiCalc ta zo da shi bai sauya ba. Wanda ya koya a manhaja ɗaya zai iya aiki a sauran.

Yadda na'ura ke karanta abin da ka rubuta

Alamomin kaɗan ne: + na tarawa, - na ɗebewa, * na ninkawa, / na rabawa, ^ kuma na ninka lamba da kanta. Matsalar tana wajen wanda ake fara yi. Mu mukan karanta daga hagu zuwa dama, mu yi lissafin yadda ya zo. Manhaja tana da nata jerin: abin da ke cikin baka shi ne farko, sai ninka lamba da kanta, sai ninkawa da rabawa, tarawa da ɗebewa su ne ƙarshe. Shi ya sa =2+3*4 take ba da 14. Mai son 20 sai ya rubuta =(2+3)*4.

Wannan dokar makarantar firamare ce, amma dubi abin da take haifarwa. Malami yana son matsakaicin maki uku na ɗalibi, 60 da 70 da 80, suna B2 da C2 da D2. Ya rubuta =B2+C2+D2/3. Na'ura za ta raba 80 kaɗai gida uku, ta tara da sauran, ta ba shi 156.67. Wannan da sauƙi, kowa ya gani ya san ba daidai ba ne, tunda maki bai wuce 100. To a ce makin ɗalibin 10 ne da 12 da 90. Fomular nan za ta ba da 52. Lamba ce mai kyan gani, ba abin da zai sa a yi zarginta, kuma ta haye makin cin jarrabawa. Matsakaicin gaskiya kuwa, wanda =(B2+C2+D2)/3 za ta bayar, 37.33 ne. Baka biyu kacal suka raba faɗuwa da ci.

Haka lissafin kashi cikin ɗari. Abu ya tashi daga 80 zuwa 100, nawa ya ƙaru? Ƙarin 20 ne, kuma da tsohuwar lamba ake raba shi, a sami kashi 25 cikin ɗari. Wanda ya raba da sabuwar lamba zai sami kashi 20. Dukkansu na'ura za ta karɓa hannu biyu, ba ta da hanyar sanin wanne ka nufa.

Akwai ma inda Excel ta saɓa wa abin da aka koya mana a aji. Rubuta =-2^2, za ta ba ka 4, domin ta fara ɗaukar -2 a matsayin lamba guda kafin ta ninka ta da kanta. Malamin lissafi zai ce amsar -4 ce. Maganin duk wannan ɗaya ne: inda kake shakka, saka baka. Yawan baka bai taɓa ɓata lissafi ba muddin kowace ta sami abokiyar rufinta.

Adireshi mai tafiya da adireshi mai tsayawa

Idan akwai wurin da masu koyo suka fi yin tuntuɓe, nan ne, don haka zan ɗan daɗe a kansa.

Ba wanda ke rubuta fomula sau ɗari biyar. Sau ɗaya ake rubutawa, a kama ɗan ɗigon da ke kusurwar gurbin a ja ƙasa. Da ka ja =B2*C2 zuwa layi na uku sai ta zama =B3*C3, a na huɗu =B4*C4. Dalili kuwa, abin da manhajar ta riƙe a zahiri shi ne nisa. A wurinta fomular D2 tana cewa: ninka gurbi na biyu a haguna da gurbi na farko a haguna. Duk inda ka kai ta, haka za ta waiwaya hagunta ta ɗauko abin da ta tarar.

Galibi haka ake so. Amma a ce akwai ragin kashi 5 cikin ɗari da za a yi wa kowane kaya, ka ajiye shi a gurbi guda, F1. A layi na biyu ka rubuta =D2*F1, amsa ta fito daidai. Ka ja ƙasa. Layi na uku ya zama =D3*F2, na huɗu =D4*F3. F2 da F3 babu komai a cikinsu, gurbi marar komai kuwa sifili ake ɗaukarsa a ninkawa. Sai ka ga sifili ya jeru har ƙasa ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan ma ka yi sa'a. Da a ce akwai wasu lambobi a F2 da F3, da amsoshi ne za su fito masu kama da na gaske.

Alamar dala ce turken. Idan ka rubuta =D2*$F$1, D2 za ta ci gaba da tafiya, F1 kuwa ta tsaya cak duk inda aka ja fomular. Alamar ba ta da alaƙa da kuɗin Amurka a nan, ƙusa ce kawai. Wadda ke gaban harafi tana kafe layin tsaye, wadda ke gaban lamba tana kafe layin kwance, kuma ana iya kafe ɗaya a bar ɗaya, kamar $F1 ko F$1. A kwamfutar Windows madannin F4 yana juya su ɗaya bayan ɗaya yayin da kake rubutu.

Wani zai ce, me zai hana in rubuta =D2*0.05 in huta? Zai yi aiki yau. Ranar da ragin ya koma kashi 7 sai ka bi fomula ɗari biyar kana gyarawa, kuma wadda ka manta ba za ta kira ka ba. Duk lambar da za ta iya sauyawa wata rana, a ba ta gurbinta, a rubuta sunanta a gefe.

Shiryayyun umarnai da tarkunansu

Maimakon =D2+D3+D4 har zuwa D40, akwai gajeriyar hanya: =SUM(D2:D40). Ɗigo biyun da ke tsakiya suna nufin daga nan zuwa can. Irin waɗannan shiryayyun umarnai sun kai ɗaruruwa, amma aikin yau da kullum bai fi buƙatar kamar guda goma ba. SUM tana tarawa, AVERAGE tana fitar da matsakaici, MAX da MIN suna nemo mafi girma da mafi ƙanƙanta, COUNT tana ƙirga gurabe masu lamba, ROUND tana taƙaita ɗigon lamba, IF kuma tana yanke hukunci. Misali =IF(E2>=50,"Ya ci","Ya faɗi") tana duba E2, in ya kai 50 ta rubuta na farko, in bai kai ba ta rubuta na biyu. A kula, wanda ya rubuta E2>50 ya manta alamar daidai ya kayar da duk ɗalibin da ya sami 50 cif. A wasu kwamfutocin, gwargwadon ƙasar da aka saita su, waƙafi mai ɗigo ake sakawa tsakanin sassan fomula maimakon waƙafi, shi ya sa fomular da aka kwafo daga intanet takan ƙi shiga.

Kowane umarni yana da halinsa. AVERAGE tana tsallake gurbi marar komai, amma tana ƙirga sifili. Ɗalibi mai 80 da 60 wanda bai zauna jarrabawa ta uku ba, in an bar gurbin fayau matsakaicinsa 70 ne, in an saka masa 0 kuma 46.67. Wanne ne adalci? Wannan hukuncin makaranta ne, na'ura ba ta da ta cewa, amma dole mai jadawalin ya san wanne ya zaɓa.

SUM kuma tana tsallake rubutu a ɓoye. Lambar da aka kwafo daga wani wuri takan shigo a matsayin rubutu, kamanninta na lamba amma ba lamba ba ce. In kana da 100 da 200 da 300, ta ukun kuma rubutu ce, SUM za ta ba ka 300 maimakon 600. Alamar da ke tona asirinta ita ce wurin zamanta: lamba takan jingina da gefen dama na gurbi, rubutu da gefen hagu. Excel kan kuma saka ɗan koren tabo a kusurwa, wanda yawancinmu mun saba kawar da kai daga gare shi.

Sai abin da ido ke gani da abin da ke ciki. Gurabe uku kowanne na ɗauke da 1.4, an saita su kada su nuna ɗigo. Ido zai ga 1 da 1 da 1, jimilla kuma ta nuna 4, tunda 4.2 ce a ciki. Ba kuskure aka yi ba, amma wanda aka miƙa wa takardar zai rantse an yi. Kwanan wata ma lamba ce aka yi wa riga: a Excel ranar 1 ga Janairun 2025 ita ce 45658, ƙirge daga farkon shekarar 1900, shi ya sa ake iya ɗebe wata rana daga wata a sami adadin kwanakin da ke tsakani. Kuma Excel ba ta riƙe fiye da lambobi 15 a jere. Lambar katin da ta kai 16, ta ƙarshen za ta koma sifili, sifilin farkon lambar waya kuma ya ɓace. Irin waɗannan a matsayin rubutu ya kamata a ajiye su, tunda ba lissafi za a yi da su ba.

Kuskure mai ihu da kuskure mai shiru

Masu koyo sun fi jin tsoron saƙonnin da ke farawa da alamar #. Alhali su ne masu gaskiya. #DIV/0! na nufin ka raba da sifili ko da gurbi marar komai. #NAME? na nufin akwai kalmar da manhajar ba ta gane ba, galibi kuskuren rubuta sunan umarni. #VALUE! na nufin ka sa a yi lissafi da rubutu. #REF! na nufin fomular tana nuni da gurbin da aka goge. #N/A na nufin an nemi abu ba a samu ba. Jerin #### kuwa sau da yawa gurbin ne ya yi wa lambar kaɗan, a faɗaɗa shi kawai. Kowanne ya faɗa maka ciwonsa da bakinsa.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne mai shiru. Wani abokin aikina ya taɓa kawo mini jadawalin kayan da ya shafe watanni yana amfani da shi, jimillar ta ƙi dacewa da abin da ke rubuce a takarda. Mun bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ba mu ga komai ba. Sai na sa jadawalin ya nuna fomuloli maimakon amsoshi. Layin D gaba ɗaya ya cika da =B2*C2, =B3*C3, har ƙasa, in ban da D17. A can 4500 ce zaune ita kaɗai, ba alamar daidai a gabanta. Wata rana can baya ya ga amsar ba ta yi masa ba, ya buga lambar da hannu a kan fomular, ya manta. Tun daga ranar adadin kayan layin ya sauya sau da dama, D17 ba ta motsa ba. Ya yi shiru yana kallon allon, sannan ya fara ƙirga rahotannin da ya riga ya tura da wannan jimillar.

Ɗan'uwan wannan kuskuren shi ne zangon da bai kai ba. Ka rubuta =SUM(D2:D40), bayan mako biyu ka ƙara layuka biyar a ƙasa. Wani lokaci manhajar takan faɗaɗa zangon da kanta, wani lokaci ba ta yi. Jimilla dai tana nan tana nuna lamba.

Manya ma sun faɗa wannan ramin

Kada a ɗauka matsalar 'yan koyo ce. A 2010 masana tattalin arziki biyu, Carmen Reinhart ta jami'ar Maryland da Kenneth Rogoff na jami'ar Harvard, suka fitar da binciken da ya nuna cewa ƙasar da bashinta ya haura kashi 90 cikin ɗari na arzikin da take samarwa a shekara, bunƙasarta takan durƙushe, matsakaicinta ya koma ƙasa da sifili kaɗan. 'Yan siyasa a Amurka da Turai suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihun gwamnati. A 2013 wani ɗalibin jami'ar Massachusetts da ke Amherst, Thomas Herndon, ya yi ta ƙoƙarin maimaita lissafin ya kasa, har ya nemi a ba shi ainihin jadawalin. Da ya buɗe sai ya ga fomular matsakaicin ta tsaya kafin ƙarshen jerin, ta bar ƙasashe biyar a waje: Ostireliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Shi da malamansa Michael Ash da Robert Pollin suka sake lissafin suka sami bunƙasar kashi 2.2. Don a yi adalci, kuskuren fomular kaso kaɗan ne na wannan bambanci, sauran ya fito ne daga bayanan da aka bari a waje da yadda aka auna nauyin kowace ƙasa, kuma marubutan sun amsa kuskuren amma sun tsaya kan cewa bashi mai yawa yana tafiya da raguwar bunƙasa. Duk da haka shekara uku zangon nan yana gajere, sai da wani ya danna gurbin ya duba.

Bankin JPMorgan ya yi asarar fiye da dala biliyan 6 a 2012 a wata hada-hada ta ofishinsa na Landan. Rahoton binciken cikin gida ya nuna cewa a jadawalin da ke auna haɗari, an raba wani bambanci da jimillar lambobi biyu maimakon matsakaicinsu, abin da ya sa haɗarin ya fito ƙasa da yadda yake. A Ingila kuma, a Oktoban 2020, mutum 15,841 da gwaji ya nuna suna da korona ba su shiga ƙididdiga a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil na Excel wanda ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536, alhali sabon yana ɗaukar 1,048,576. Wannan ba kuskuren fomula ba ne, amma jinsinsu ɗaya: layukan da suka yi yawa sun zube ba wanda ya ji ƙararsu. Masu binciken ƙwayoyin gado ma sun sha fama da Excel tana mayar da sunaye irin su MARCH1 da SEPT1 kwanan wata, har ya zuwa 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin suna ya sauya wa guda 27 suna.

To, a bar wa ƙirƙirarriyar basira ko a koya?

Masu cewa a bar mata suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Doguwar fomula mai baka cikin baka tana cin sa'o'i, na'urar kuwa takan rubuta ta nan take, har ta yi maka bayaninta in ka tambaya. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba, wanda haddar sunayen umarnai ke yi wa wuya, ya sami mataimaki na gaske. Haddar ma ba ita ce ilimin ba.

Amma dubi kurakuran da muka bi a sama. Cikinsu wanne ne na rashin iya rubutu? Na'urar da ka tambaya ba ta san cewa layukanka sun kai 45 ba in ka ce mata 40. Ba ta san ko sifili za a ba wanda bai zauna jarrabawa ba. Ba ta san D17 an buga ta da hannu ba sai in an nuna mata. Kuma ita ma takan yi kuskure, ta kawo shi da cikakkiyar natsuwa kamar gaskiya. Da can mutum yakan rubuta gajeriyar fomular da ya fahimta. Yanzu yana iya liƙa mai layi uku wadda bai san kanta ba balle ƙafarta, ya sa hannu a ƙasan rahoton. Ranar da aka tambaye shi yadda aka sami lambar, sunansa ne a kan takardar.

Don haka matsayina shi ne a yi amfani da ita, amma kada a karɓi fomular da ba a iya karantawa ba. In ta ba ka wadda ta fi ƙarfinka, ka ce ta warware maka ita gurbi-gurbi, kowane mataki a layinsa.

Yadda ake gwada fomula

Abu na farko ba ya buƙatar kwamfuta. Kafin ka danna Enter, ka yi ƙiyasin amsar a ranka. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Kaya 12 a kan 250 ya kamata su kai wajen dubu uku, in ka ga 30,000 ko 300 ka san akwai magana. Wanda bai yi ƙiyasi ba duk abin da ya fito zai karɓa.

Daga nan sai ka gwada da lambobin da ka san amsarsu. Saka 10 da 10 da 10 a matsakaici, in ba ta ba ka 10 ba fomular ce ba ta da lafiya. Wannan gwajin kaɗai zai kama mantuwar bakar nan, domin 23.33 za ta bayar. Ka gwada bakin iyaka: 49 da 50 da 51 a fomular IF. Ka gwada sifili, ka gwada gurbi marar komai. Bayan ka ja fomula ƙasa kuma, kada ka tsaya a layin farko, sauka layin ƙarshe ka karanta abin da ta zama a can.

Manhajar ma tana da kayan duba. Danna F2 a kan gurbi a Excel, duk guraben da fomular ke ɗebowa za su fito da launi kewaye da su, nan take ka ga ko zangon ya kai ƙarshe. Ctrl tare da madannin da ke ƙarƙashin Esc a yawancin allon madannai yana juya jadawalin gaba ɗaya ya nuna fomuloli, shi ne ya tona D17. A sashen Formulas akwai Evaluate Formula, wadda ke warware lissafin mataki-mataki a gabanka kamar yadda na'urar ke yinsa, da Trace Precedents mai zana kibiya daga guraben da ake ɗebowa. In ka zaɓi jerin lambobi kuma, ƙasan allon yana nuna jimillarsu da adadinsu ba tare da ka rubuta komai ba, sai ka gwama da abin da SUM ɗinka ta ce. COUNT da COUNTA, mai ƙirga duk gurbin da ke da abu a ciki, in sun saɓa a jerin da ya kamata ya zama lambobi zalla, akwai rubutu a ciki. A babban jadawali, tara layukan kwance daban, tara na tsaye daban, dole jimillar biyu ta haɗu.

Wanda ba ya taɓa kwamfuta fa?

Shi ma abin ya shafe shi, domin albashinsa, da makin ɗansa, da lissafin bashinsa, da jerin sunayen da za a biya haƙƙinsu, sau da yawa ta cikin irin wannan jadawalin suke bi kafin su iso gare shi a takarda. In ya ga lambar ba ta yi masa daidai ba, amsar da yakan samu ita ce kwamfuta ce ta lissafa. Kwamfutar ta lissafa abin da wani ya rubuta mata ne, kuma ana iya duba shi. Yana da damar ya ce a danna gurbin a karanta masa abin da ke saman allon: da alamar daidai ya fara ko lamba ce aka buga, daga wane layi zuwa wane layi aka tara, kuma layinsa yana ciki ko yana waje.